Tunkiyar da Ta Bi Ki Gubi

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki da baƙunta, ina gaida surukanki Alhaji da Hajiya da duk mutanen gidan. Allah Ya tsare mini ke a inda idona ba ya kaiwa, Ya tsare abin da kike ɗauke da shi, Ya dawo da mijinki Sadik lafiya daga tafiyarsa. Ki sami wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Mun yi magana a waya, na sani. Amma ni na haife ki, na san "To, Mama" ɗinki iri biyu ce. Akwai wadda kike yi in kin karɓi magana, akwai wadda kike yi don in kashe waya. Ta biyun kika yi mini. Shi ya sa na ɗauki biro duk da yatsuna suna ciwo, don takarda ba a katse ta.

Shekarun da na yi a ɗakin labarai sun koya mini a fara da abin da ya fi nauyi. To ga shi. Zazzaɓin da ya hana ni sakat tun ƙarshen damina ba maleriya ba ne, ba kuma taifot ba. Daga tumakinmu na ɗauke shi. An gwada jininsu, duk suna ɗauke da cutar. 'Yar Gata kuwa, tunkiyar da na ɗora a mota da hannuna ranar da kuka tashi daga Fadaman Mada zuwa gidan iyayen mijinki a bayan Gubi, a turke ɗaya ta tashi da su, kuma ga ta da tsohon ciki.

Har yanzu in na rubuta wannan sai in tsaya in sake karantawa, kamar labarin wata ne aka kawo mini in gyara.

Bari in gaya miki yadda aka gano. Da zazzaɓin ya sake dawowa bayan tafiyarki, da zufar nan da ke jiƙa mini zani, da ciwon ƙugu, Abbanki ya ce ya gaji da ganin ledar kemis a gidan, ya kai ni asibiti. Likitan ya saurari tarihin duk magungunan da na sha, ya ajiye biro, ya ce, "Hajiya, kina kiwo?"

Na ce, "Kiwo kuma? 'Yan tumaki ne dai a bayan gida."

"A cikinsu akwai wadda ta taɓa ɓari?"

"Likita, ni ce fa ba lafiya, ba su ba."

Abbanki yana zaune riƙe da jakata. Ya ce, "Su ai lafiyarsu ƙalau. A gidan nan sai sun ci sun ƙoshi kafin a tuna da ni."

Likitan ya yi murmushi, amma bai ɗauke ido daga kaina ba. "Wa ya kwashe ɓarin?"

"Ni."

"Da safar hannu?"

Na girgiza kai. Ya tura ni a ɗebi jini. Da sakamako ya fito ya ce sunan cutar a boko Burusela, makiyaya kuma suna ce mata bakkale. Na san kalmar. Na ji ta a bakin Inna, kakarki, tun ina yarinya, in tana ba da labarin rugarsu. A raina ciwon shanu ne, ciwon daji, abin da ke kumbura gwiwar saniya ya zubar mata da ciki can inda ba kwalta. Ban taɓa kawo shi kusa da gida mai famfo da mita ba.

Likitan dabbobi ya zo ya ɗebi jinin tumakin. Na ce ina so in ga gwajin da idona, na bi shi har ofis. A kan farin faranti ya ɗiga ruwan jinin kowacce, ya ɗiga wani ruwa mai kalar hoda a kai, ya gauraya, ya riƙa jujjuya farantin a hankali. Ya ce in ɗigon ya zauna sumul, lafiya. In ya dunƙule ya yi gudaji-gudaji, akwai cutar. Ummi, ina tsaye ɗigo na farko ya dunƙule. Na biyu ya bi shi. Na zuba wa na ƙarshe ido ina addu'a a zuci. Shi ma ya dunƙule.

Tun daga ranar nake karanta duk abin da na samu a kan wannan ƙwaya, kuma kowane shafi sai ya ƙara kashe mini jiki. Halitta ce mai rai, irin waɗanda ake kira bakteriya, ƙanƙantarta ta wuce ido sai da madubin likita. A jinin mutum da na dabba Allah Ya sanya wasu ƙwayoyi masu gadi, aikinsu su haɗiye baƙuwar cuta su kashe ta. To ita wannan sai ta bari a haɗiye ta, ta zauna a cikin mai gadin, ta hayayyafa a can. Shi ya sa zazzaɓin ke tafiya ya dawo, shi ya sa maganin 'yan kwanaki ba ya taɓa ta. A jikin dabba kuwa ba inda ta fi so kamar mahaifar mai ciki. Can take taruwa. Ranar haihuwa ko ɓari sai ta fito da yawan da ba ya ƙirguwa, a cikin ruwan haihuwa, a jikin ɗan, a mabiyiya, sannan a nono. Tana shiga mutum ta 'yar tsaga a fata, ta ido, ta baki, har ta numfashi in wurin a rufe yake. Kuma duk wannan, dabbar tana cin harawarta, gashinta yana sheƙi.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da ya fi girgiza ni. Duk rayuwata, in zan duba lafiyar dabba, ido nake dubawa da hanci da kashi. Haka na ga ana yi. Ashe akwai cutar da ba ta bi ta nan.

Kin san al'adar layinmu ta aron rago. Ba kowa ke iya riƙe namiji ba, sai a aro na Malam Ɗanjuma mai walda, wannan ƙaton balamin, ya yi 'yan kwanaki a gidanka, ka ba shi dusa da ƙaiƙayi, ka mayar da godiya. Na aro shi ba sau ɗaya ba. Ban taɓa tambayar daga wane gida ya fito ba, ko tumakin gidan suna haihuwa lafiya. Ni da ba na barin labari ya wuce teburina sai na san daga bakin wa ya fito, na bar rago ya shiga garkena don kawai yana da faɗin ƙirji.

Na je na sami Malam Ɗanjuma a shagonsa. Ya kashe injin, ya ɗaga baƙin gilashinsa, ya saurare ni. Ya ce, "Ragona? Haba Hajiya! Ragon da ko tari bai taɓa yi ba? Ki je ki dube shi, ya fi kansila ƙiba."

Na ce, "Nawa ma sun fi ni ƙiba, Malam. Ga ni nan ina shan allura."

"To wa ya ce shi ya kai muku? Wataƙila ma a gidanku ya kwaso."

"Wataƙila. Likita ya ce ba zai iya rantsewa a kan wanda ya ba wani ba. Amma daga gidana ina ya tafi?"

Ya fara kiran gidaje. Gidan mai ƙosai, gidan Liman, gidan malamar nan ta firamare. Yana kira yana nuna layin da sandar walda, har hannunsa ya kai kwanar masallaci, sai ya sauke sandar. Can ya ce, a hankali, "Maman yara ma tun Sallah take kukan baya." Na ce ya kai ta a ɗebi jininta, ya gaya wa likita suna kiwo.

Don haka ki riƙe wannan, tunda yanzu gidan dabbobi kike. Duk dabbar da ta shigo daga waje, saye ce, aro ce, ko kyauta, a ware ta a gefe tukuna, a tambayi tarihin garken da ta fito, a kira mai gwaji. Tambaya ba raini ba ce. Da wani a gidanku ya yi mini ita ranar da muka sauke 'Yar Gata, da na ji haushi a ranar, da yau ina gode masa.

Sai maganar ɓarin. Bara, da tumakin suka riƙa zubar da ciki ɗaya bayan ɗaya, ciki ya riga ya tsufa, na ce leda suka ci. A unguwar da iska ke kawo leda har cikin tukunya, wa zai musa? Na sami dalili mai sauƙi, na tsaya a kansa. Na kwashe 'ya'yan da mabiyiyar da hannuna, a ranar ma akwai yankan wuƙa a yatsana daga yankan albasa. Na zuba a tsohon buhu, na kai juji. Juji, Ummi. Inda awakin unguwa ke kiwo, inda karnuka ke tono. Ƙwayar nan tana daɗewa da rai a ƙasa mai laima da inuwa. Ban san garke nawa na shayar da ita da wannan buhun ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Abin da ya kamata shi ne a sa safar hannu, in babu a ninka leda a ɗaure a hannu, a rufe hanci da baki, a haƙa rami mai zurfi a binne komai, a ƙone shimfiɗar wurin, a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Kuma a kira likitan dabbobi tun a ɓari na biyu. Ɓari ɗaya yana iya zama tsautsayi. In ya bi garke, cuta ce har sai an tabbatar ba ita ba ce.

Akwai abin da ban iya faɗa miki a waya ba. Ranar da na wanke turken, kin shigo gaishe ni, kika tuɓe mayafi kika riƙe mini bokiti, kika share ruwan da tsintsiya. Ina ganinki yanzu, ƙafarki ba takalmi. Wataƙila ba abin da ya shige ki. Mutane da yawa suna taɓawa su tsira. Amma ba zan zauna a kan wataƙila ba, ke ma kada ki zauna. Ki je awo, ki gaya musu da bakinki cewa an sami bakkale a tumakin gidanku kuma mahaifiyarki ta kamu, ki ce a gwada jininki. Kada ki jira su tambaya. Na zaga kemis da ƙananan asibitoci wata da watanni, ba wanda ya tambaye ni ko ina kiwo, ni ma ban ga dalilin faɗa ba. Cutar nan tana iya taɓa cikin mace kamar yadda take taɓa na tunkiya. Ba kullum ba, amma tana yi. In an gano da wuri akwai magani, kuma akwai wanda ya dace da mai juna biyu. Ba irin nawa ba ne. Ko wani ya ce miki ga abin da aka ba Mamanki, kada ki sa shi a baki.

Maganar magani ma, ga wani kuskuren. Da na ga ɓarin ya yi yawa, na sayo kafso ɗin nan ja da rawaya na mutane, na riƙa farkewa ina zuba musu a ruwan dusa. Kowa a layin haka yake yi wa kaji da awaki. Da na gaya wa likitan dabbobi, sai ya dafe kai. Ya ce ban kashe ƙwayar ba, na dai koya wa sauran ƙwayoyin da ke cikinsu jure magani. Ya ce bakkale a dabba ba a dogara da magani a kansa, don tana iya lafawa ta ci gaba da yaɗuwa. Shawararsa a yanka su duka, mahaucin ya rufe hannu da fuska, a binne kayan ciki da mahaifa da hantsa, naman kuma a dafa shi ya dahu sosai. Na amince. Na ce dai a yi ranar da ba na gida.

Yanzu 'Yar Gata. Kin san dalilin da ya sa na ba ki ita. Inna ta shigo garin nan da tunkiya ɗaya daga rugarsu, ta ce 'yarta ba ta barin gida hannu rabbana, kuma daga zuriyar wannan tunkiyar ta ba ni tawa. Da kuka yi aure kuna ɗakin haya kusa da mu, ba wurin turke, na ce a bari sai kun sami fili. Da tafiya ta tashi, na shiga garke na zaɓi wadda ta fi kowacce kyau. Ita ma ta yi ɓari bara, amma daga baya ta murmure, ta yi ƙiba, ta sake ɗaukar ciki, cikin ya zauna. A ganina wannan shaidar warkewa ce. Likitan ya ce haka cutar take: yawanci sau ɗaya suke ɓari, na gaba su haihu lafiya, ɗan ya miƙe ya kama nono, amma ruwan haihuwar cike yake da ƙwayar kamar na farko. Wato na duba garkena, na zaɓi wadda ta fi haɗari a wannan watan, na ɗaura mata sabuwar igiya, na aika ta gidan da 'yata mai ciki take, kusa da maruƙan surukinta. Ina ta murna a ranar. Har hoto na ɗauka.

Na ji abin da kika ce a waya. Kin ce, "Mama, jiya fa Hajiya ta nuna wa baƙi ita, tana cewa ku ga irin kyautar mutanen birni. Ta yaya zan buɗe baki in ce ciwo na kawo musu? Ko sunayen yaran gidan ban gama riƙewa ba." Kika roƙe ni in bari Sadik ya dawo ya san yadda zai shigar da maganar. Na kira shi, shi ma ya ce irin wannan ba a faɗa wa uba ta waya. Na yi miki alkawarin zan jira.

Na fahimci kunyarki, ni ma na yi zaman gidan miji. Amma ki dubi abin da ke ɗaya gefen. Shanun nan su ne abin da Alhaji ya gada, su ne abin da zai bari. In tunkiyar ta haihu kusa da su, suka lashi wurin, cutar tana iya shiga garken, daga garken ta shiga madarar da gidan duka ke sha. Af, madarar ma. Kin ce Hajiya tana aiko miki da ita da ɗuminta kowace safiya don ki yi ƙarfi. Alheri ne, ki karɓa da hannu biyu, ki gode, sannan ki ɗora a wuta ta tafasa kafin ki sha. Ba don shanunsu suna da wani abu ba, ban sani ba, su ma ba su sani ba. Tafasa tana kashe wannan ƙwayar da wasunta. In an tambaye ki, ki ce likita ne ya ce, don kuwa ya ce.

Likitan dabbobi ya ce sai ranar Asabar zai sami zuwa can da kayan gwaji, ni ma kafin nan an gama yi mini allurar safe. Na gaya wa Abbanki zan bi shi in karɓo tunkiyar. Ya ce, "Ke? Gidan surukai? Ba suna ba, ba ta'aziyya ba, ki je ki kwance kyautar da kika bayar? Me za a ce?"

Na ce, "A ce."

Ya ce, "To in ban da abinki, wannan ai maganar maza ce. Ina babbar rigata mai ruwan toka? A goge ta."

Nan na tsaya da rubutu ɗazu, na je na yi la'asar. Ina kan sallaya na tuna abin da kika faɗa a ƙarshen wayar, kina dariya, cewa hantsar 'Yar Gata ta cika har tana tafiya a tale. Ummi, na yi kiwon tumaki tun kafin a haife ki. Tunkiyar da hantsarta ta cika haka ba lalle ta kai Asabar ba.

Na tashi na sa Abbanki ya kira Alhaji. Ina zaune kusa da shi, na ji komai. Bayan gaisuwa ya gaya masa kai tsaye, bai ɓoye ba, bai ƙawata ba. Alhaji ya ce, "Bakkale." Sannan ya ce, "Tun zuwanta tana kwana jikin maruƙana." Abbanki ya ce ba mu sani ba sai yanzu, kuma laifin namu ne, ba na yarinya ba. Alhaji ya ce, "Allah Ya kyauta. Yanzu zan sa a fitar da ita bayan shinge. Ku zo da likitan." Ya kashe.

Ban san yadda ya ɗauki abin ba. Muryarsa ba ta nuna fushi ba, ba ta kuma nuna komai ba. Kafin takardar nan ta iso hannunki kin riga kin ga ana jan tunkiyar, wataƙila kin ga fuskoki sun canza, wataƙila Hajiya ta yi miki shiru. Na karya alkawarin da na yi miki, kuma ke ce za ki kwana a cikin abin da ya biyo baya, ba ni ba. Ki yi fushi da ni in kina so, kina da gaskiya. In aka yi miki magana, ki ce mahaifiyata ce ta zaɓe ta, tana zuwa Asabar ta yi bayani da bakinta. Kada ki ƙara komai a kai, kada ki ba da haƙuri a kan abin da ba ki yi ba.

Abu ɗaya ya rage, shi ne wanda ya sa na rubuta duk wannan. Bayan shinge ba nisa ba ne, za ki ji ta. In naƙuda ta kama ta, za ta yi kuka, kuma muryarki kaɗai ta sani a gidan nan. Na san ki, ƙafarki za ta kai ƙofa kafin ki yi tunani. Kada ki fita. Ko an ce ɗan ya zo a karkace, ko an ce ba mai iya kama ta sai ke, ko kin ji kukan ya canza. Ki shiga ɗaki, ki rufe ƙofa da taga, ki kira ni. Zan zauna da ke a waya har ta gama. Maza su je, da leda a hannu da ƙyalle a hanci, su binne abin da ya fito. In ta rayu, ta rayu. In ba ta rayu ba, tunkiya ce.

Allah Ya sa jininki ya fito sumul. Allah Ya kare garken Alhaji da mutanen gidansa, Ya sanyaya zukatansu a kanki. Ya raba ki da cikin nan lafiya, ke da shi kuna numfashi. Na bar ki a hannun Wanda ke ganin abin da ido ba ya gani.

Wassalam.

Mamanki